Nisbata ba ta kai ta kulliyar doka ba, ina zan bi in zama lauya?

Wani matashi ne ya aiko da tambayar daga Gadarif a ƙasar Sudan. Ya yi karatun allo a halwa, wato tsangaya, har ya haddace Alƙur'ani, daga baya ya shiga makarantar gwamnati, ya zauna jarrabawar Shahada Sudaniyya, ta kammala sakandare, kafin yaƙi ya ɓarke. Ya ci, amma nisbarsa, wato makinsa cikin 100, ba ta kai wadda ake nema a kulliyar doka, wato sashen doka na jami'a, ba. Yanzu shekarunsa sun haura 25, yana taya mahaifinsa cinikin riɗi. Wani ya ba shi shawarar ya yi difloma, wani kuma ya nuna masa wata cibiya da ta ce tana ba da digirin doka ta intanet cikin shekara 2. Shi dai lauya yake so ya zama.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa Alƙur'anin da ke ƙirjinka ya cece ka. Hanya akwai, ba ma ɗaya ba, kuma shekarunka ba su hana ka komai ba. Sai dai ina so mu fara maganar daga inda karatun zai kai ka, domin wanda ya san abin da za a tambaye shi a ƙarshe shi ne zai iya zaɓen inda zai fara.

A Sudan digiri kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Bayan ka gama jami'a akwai jarrabawar da kowa ya sani da mu'adala, wadda aka kafa bisa Dokar Tsara Sana'ar Doka ta 1966. Ɗan Jami'ar Khartum da ɗan jami'ar jiha, wanda ya zauna a aji da wanda ya yi karatu daga gida, duka takarda ɗaya ake miƙa musu. Wanda bai ci ta ba, ba zai tsaya gaban alƙali da sunan lauya ba, haka nan aikin alƙalanci da na niyaba, wato gabatar da ƙara, da na mashawarcin doka a Ma'aikatar Shari'a duk ta nan ake bi. Idan ka ci, sai ka yi zaman koyon aiki a ofishin wani babban lauya, sannan kwamitin karɓar lauyoyi ya ba ka lasisi bisa Dokar Lauyoyi ta 1983. Abin da ake nema kafin a bar ka ka zauna mu'adala shi ne digirin farko na doka daga jami'ar da hukuma ta amince da ita, da shahadar da Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta buga wa hatiminta.

Kai ɗan kasuwa ne, ba ka sayen buhun riɗi sai ka san inda za a karɓe shi. To haka za ka yi wa kowace hanya da aka kawo maka. Ka tambaya: shin karɓar da za a yi mini ta biyo ta ofishin ƙabul na ma'aikata, mai ɗaukar ɗalibai, har a ba ni raƙam jami'i, wato lambar ɗalibin jami'a? Shin takardar da zan fita da ita bakaloriyos ce, wato digirin farko, ta doka? Shin ma'aikata za ta yi mata tausiƙ, wato ta buga mata hatimin tabbatarwa? In amsar ɗaya daga cikin ukun nan ta zama a'a, ko aka fara yi maka kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka.

Da wannan ma'aunin cibiyar nan mai shekara 2 ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Bakaloriyos na doka shekara 4 ne a mafi yawan jami'o'inmu. Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 jami'o'i suka watse, karatu ya koma waya, masu sayar da takardar banza suka sami kasuwa, domin yanzu ba kowa ke iya bambance jami'ar gaskiya da ta koma intanet don dole da shagon da bai taɓa zama jami'a ba. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai, saboda kuɗin da ake cinyewa na talakawa ne, sau da yawa uwa ce ta sayar da ɗan zinarinta. Kada ka ba su ko fam ɗaya.

Hanyar da na fi so ka fara dubawa ita ce wadda matasa suka fi gudu: ka sake zama Shahada. Na san abin da ke ranka, za ka ce ina ni ina zama da yara 'yan shekara 17. Amma ka dubi lissafin. Ana fitar da nisba ne daga darussa 7. Guda 4 dole ne a kan kowa: Larabci, Turanci, tarbiyyar addini da lissafi. Sauran 3 na ɓangaren da ka zaɓa ne, kuma a ɓangaren adabi akwai tarihi da labarin ƙasa da darasi ɗaya na zaɓi, wanda dirasat Islamiyya na cikinsu. Mahaddaci irinka da ya yi zaman halwa yana da rinjaye a darussa 3 cikin 7 tun kafin ya buɗe littafi. Abin da ke jan 'ya'yanmu ƙasa kusan kullum Turanci ne da lissafi. Idan ka ba waɗannan 2 shekara guda cur, ka sami malamin da zai zauna da kai da yamma bayan an tashi kasuwa, ko ka shiga ajujuwan masu maimaitawa irin na Ittihadul Mu'allimin, nisbarka za ta ɗaga sosai. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne ka makara. 'Yan ajin 2023 ba su sami zama jarrabawarsu ba sai ƙarshen Disamba 2024. Ƙasar gaba ɗaya ce ta makara, ba wanda zai dube ka a ɗakin jarrabawa.

Amfanin wannan hanya shi ne tana mai da kai cikin ƙabul am, wato ɗaukar ɗalibai ta gama-gari, inda kuɗin karatu ya fi sauƙi, za ka zauna a aji ka ga malami ido da ido, kuma kai ne za ka zaɓi jami'a. Hasararta shekara guda ce.

Kafin ma ka yanke shawarar maimaitawa, ka samo dalilin ƙabul na bana, wato littafin da ofishin ƙabul ke fitarwa kowace shekara da sharuɗɗa da sunayen kulliyoyi, ka karanta shi da kanka. Da yawa cikin matasanmu idan sun ce "nisbata ba ta kai ba", Jami'ar Khartum suke nufi. Ita kam tun fil azal sai wanda ya haura kashi 80 cikin 100 yake sa rai da kulliyar dokarta, kuma tana da dalilin tsadarta: daga Kwalejin Gordon ta 1902 ta samo asali, ta zama jami'a a 1956, manyan alƙalan ƙasar nan da yawa can suka fito. To amma tun bayan faɗaɗa jami'o'i da aka yi daga 1990, ana koyar da doka a Nilain, da Jami'ar Musulunci ta Umdurman, da Za'im Azhari, da Shandi, da Dongola, da Wadin Nil, da Imam Mahdi, da wasu. Nisbarsu ba ɗaya ba ce. Akwai kuma kujerun da jami'o'in jihohi ke ware wa 'yan jiharsu, waɗanda gasar cikinsu ta fi sauƙi. Akwai nafaƙa hassa, inda ake karɓar ka da nisbar da ta ɗan gaza ta ƙabul am amma ka biya kuɗi mai yawa, kuma kowace shekara za ka biya har ka gama. Idan mahaifinka zai iya ɗauka ba tare da jarin gida ya karye ba, halal ce kuma takardarta ɗaya da ta kowa. Idan sai an ci bashi, ban ba ka shawara ba. Masu shahadar shekarun baya irinka suna da nasu babi a cikin littafin, ka neme shi.

Sai intisab, wato yin rajista da jami'a ba tare da zaman aji na kullum ba, wanda yanzu a takardu da yawa ake haɗa shi da karatu daga nesa. Wannan tsohuwar hanya ce a wajenmu, ba yaƙi ne ya kawo ta ba. Jami'ar Nilain, wadda asalinta reshen Jami'ar Alƙahira ne da aka buɗe a Khartum a 1955 kafin a mai da ita ta Sudan a 1993, da wannan aka san ta tun tana reshe: ma'aikata, 'yan sanda, malaman makaranta, magatakardan kotu, suna aiki da safe suna karatun doka da yamma. Jami'ar Sudan ta Buɗe, da aka kafa a 2002, don irin wannan aka yi ta, tana da cibiyoyi a jihohi kuma doka na cikin abin da take koyarwa. Ga mutumin da ke da nauyi a kansa, wanda in ya bar rumfa mahaifinsa zai shiga wahala, intisab rahama ce. Na yi aiki da lauyoyi da suka biyo ta nan, wasunsu sun fi 'yan aji ƙwarewa nesa ba kusa ba, saboda sun zo wa doka da sanin rayuwa.

Amma zan faɗa maka aibinta tsakani da Allah. Ɗalibin intisab yakan koma mai haddar muzakkira. Ana saura wata ɗaya jarrabawa ya sayi taƙaitaccen bayani, ya haddace, ya zuba a takarda, ya manta. Kai da kake da ƙarfin hadda wannan tarkon ya fi kusa da kai fiye da kowa. Mu'adala kuwa ba ta tsaya ga hadda ba. Za a ba ka labari: wane ya sayar wa wane gona, ya karɓi rabin kuɗi, ya mutu kafin a yi rajista, magada suka ce ba su san zancen ba. Sai a ce ka yi hukunci. Nan ake gane wanda ya fahimci doka. Dole ka san Dokar Mu'amalolin Madani ta 1984, da Dokar Hanyoyin Shari'ar Madani ta 1983, da Dokar Laifuka ta 1991 da ta hanyoyin shari'ar laifuka ta wannan shekarar, da Dokar Shaida ta 1994, da Dokar Iyali ta Musulmi ta 1991, ka kuma iya ɗaura su a kan abin da ya faru.

Maganin wannan aibi yana hannunka. Ka sayi dokokin kansu, matani, kada ka dogara da bayanin wani a kansu. Ka karanta hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da ake bugawa a mujallar hukunce-hukuncen shari'a, domin har yau alƙalanmu suna duba abin da magabata suka yanke, gadon da tsarin Ingila ya bar mana. Mafi muhimmanci, ka riƙa zuwa kotu. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a in ba alƙali ya rufe ba. Ka ware safiya ɗaya a mako ka zauna a bencin baya a kotun Gadarif, ka ji yadda ake rantsar da shaida, yadda lauya ke yi masa tambayar ƙwaƙƙwafi, abin da ke sa alƙali ya ƙi karɓar takarda. Ka zauna kusa da ardahalji da ke bakin ƙofa yana rubuta wa mutane ƙara, ka ga yadda ake mai da kukan mutum ya zama arida, wato takardar ƙara. In ka sami lauyan da zai yarda ka riƙa ɗaukar masa fayil ko da ba biya, ka riƙe shi hannu biyu. Ɗalibin intisab da ya yi haka shekara 4 ba ya tsoron mu'adala.

Maganar difloma, wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maka zancen ba. Difloma ba ta kai mutum mu'adala. Amfaninta ga mai son lauya shi ne tajsir, wato a ɗauke ka daga difloma a ɗora ka a tsakiyar bakaloriyos. Shi kuma tajsir yana da sharaɗi: sai sakamakonka ya yi kyau, sai fannin ya dace da wanda za ka shiga, sai jami'ar tana da gurbi, kuma ta ofishin ƙabul ake bi. Wanda ya yi diflomar lissafin kuɗi ko ta kwamfuta yana tsammanin za a tsallakar da shi zuwa doka, ya ɓata shekarunsa. Ko diflomar ta doka ce, in ka haɗa shekarunta da na tajsir za ka ga sun fi na wanda ya shiga bakaloriyos kai tsaye. Na fi ganin ta dace da wanda nisbarsa ba ta ba shi damar bakaloriyos ko ta wace hanya ba, kuma ba zai iya maimaita Shahada ba. Kai ba ka cikinsu.

Akwai kuma ƙabul na nadijin, na manya waɗanda suka daɗe da barin makaranta suna aiki. Ana duba shekaru da ƙwarewar aiki, jami'a kuma tana iya yi musu gwaji nata. Ya fi dacewa da ma'aikacin da ke da takardar shaidar aiki a hannu. Na ambace shi ne don iyayenmu da yayyenmu da ke karanta wannan, waɗanda suka yi shekaru a ofisoshi suna ganin lokaci ya wuce musu.

Yanzu bari in dawo kan haddarka, domin dukiya ce da ba ka lissafa ba. Jami'ar Musulunci ta Umdurman, wadda tushenta Ma'ahad Ilmi ne na 1912, tana da kulliyar Shari'a da Ƙanun. Haka Jami'ar Alƙur'ani da Ilmukan Musulunci, haka Jami'ar Afirka ta Duniya da 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar suka sani sosai. A irin waɗannan wurare mahaddaci yana da daraja, kuma akwai shahadodin ɓangaren Alƙur'ani da na ma'ahadai da ake karɓa a wasu kulliyoyinsu. Sai dai ka buɗe ido a nan: a cikin kulliya ɗaya akwai sashen fiƙihu da usulu, akwai sashen ƙanun. Dukansu ilimi ne mai albarka, amma mai son lauya ya tabbatar takardarsa za ta fito da sunan doka, ya tambayi wannan a ofishin musajjil, wato magatakardan jami'a, tun ranar rajista, kada ya bari sai shekara ta 4.

Wanda ya karanta Risala da Askari a zaure zai ga abin mamaki idan ya buɗe Dokar Mu'amaloli ta 1984. Ciniki, haya, jingina, wakilci, shuf'a, cinikin salam, wato biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, da manoman Gadarif suka sani a aikace, duk ga su nan an jera su sashe-sashe, domin an gina dokar a kan fiƙihu, an kuma ɗebo da yawa daga dokar madani ta Jodan. Rabon gado da ke sa 'yan aji kuka, kai wasa ne a wajenka. Inda za ka sha wuya shi ne dokar kamfanoni, da dokar tsarin mulki, da dokar ƙasa da ƙasa, da ƙa'idojin shigar da ƙara, inda jinkirin kwana ɗaya a ɗaukaka ƙara kan kashe haƙƙin mai gaskiya. Turanci ma kada ka sake shi bayan Shahada. Tsofaffin hukunce-hukuncenmu da Turanci aka rubuta su, kuma lauyan da ke iya karanta kwangila da harsuna 2 ba ya rasa aiki, a nan ko a ƙasashen Larabawa.

Wasu za su ce maka ka fita waje. Azhar tana da kulliyar Shari'a da Ƙanun mai shekara 5, Jami'ar Musulunci ta Madina tana ba da gurbin karatu kyauta. In ka samu, alheri ne, amma ka sani doka ba kamar likitanci ba ce, kowace ƙasa da tata. In ka dawo sai an daidaita shahadarka a ma'aikata, sannan ka zauna mu'adala a kan dokokin Sudan da ba a koya maka a can ba. A Saudiyya lasisin lauya na ɗan ƙasa ne, baƙo sai dai ya yi aikin mustashar, wato mashawarci, a ofishin wani ko a kamfani. Najeriya kuwa tsarinta daban ne ɗungurungum: shekara 5 da Turanci, sannan Makarantar Horon Lauyoyi, kuma hukumar da ke kula da ita ta daɗe ba ta karɓar digirin dokar da aka yi daga gida. Saboda haka 'yan'uwa na can da ke karanta wannan amsa, kada ku ɗauki abin da na faɗa a kan intisab ku ɗora a kan ƙasarku.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: takardunka. Ka tabbatar raƙam waɗani ɗinka, wato lambar ɗan ƙasa, yana hannu, kuma sunanka har zuwa mahaifin kakanka iri ɗaya ne a shahada da sauran takardu, harafi da harafi. Mun san yadda ake wahalar da Bahaushe a wajen neman takardar ɗan ƙasa, a ce ya kawo wannan ya kawo wancan, alhali kakanninsa suna nan tun kafin a san wani abu wai shi fasfo, wasu tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 wadda ta haifar da garin Mai Wurno. Harafi ɗaya da ya saɓa yana iya tsai da tausiƙ ɗinka wata da watanni. Ka gyara shi yanzu da babu mai kora ka.

Wannan ma na cikin abin da ya sa tambayarka ta faranta mini rai. Manominmu yana noma gona shekara 40 ba takarda, ranar da mai takarda ya zo sai ya tashi. Tsohuwa tana tsaye gaban alƙali, Larabcinta na kasuwa ne, ba ta gane abin da aka karanta mata ba ta ce na'am. Abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a Yuli 2022, da rayukan da aka rasa a kan rikicin ƙasa da sarauta, ya nuna mana tsadar rashin masu magana da harshen doka a cikinmu. Muna da mahaddata, muna da 'yan kasuwa, muna da manoma da suka ciyar da ƙasar nan. Lauyoyi ne suka yi mana kaɗan.

In da ɗan cikina ne kai, ga abin da zan ce. Ka samo dalilin ƙabul a wannan makon, ka duba ko nisbarka ta yanzu za ta shigar da kai bakaloriyos na doka a wata jami'ar gwamnati, ko a aji ko ta intisab. In ta isa, ka shiga bana, ka ci gaba da zama a rumfa, ka ware wa kotu safiyarta. In ba ta isa ba, ko kuma zuciyarka na kan zaman aji kuma akwai ƙanen da zai riƙe wa mahaifinka ciniki, ka yi rajistar Shahada mai zuwa a ɓangaren adabi, ka fara neman malamin Turanci da na lissafi tun yanzu. Ka zauna da mahaifinka ku yi lissafin kuɗin shekara 4 gaba ɗaya, har da littattafai da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, domin jami'o'i suna ta sauya wuraren jarrabawa tun da aka fara komawa Khartum. Duk rasidin da ka biya da sunan jami'a ka adana shi, kuma kada ka miƙa kuɗin rajista ta hannun dillali, ka biya a asusun jami'ar da kanka.